Askin Gaban Wuta

Ban Nong Waeng, Roi Et
9 ga Janairu

Zuwa ga ɗana Bunlert,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kana cin abinci kamar mutum, ba taliyar leda safe da yamma ba. Ni ƙalau nake, in ban da gwiwar hagu da ta mai da ni mai duba, kwana biyu kafin sanyi ya sauko take sanar da ni. An gama girbi, shinkafar bana ba yabo ba fallasa. Ɓaunarmu ta haihu, mace.

Yanzu haikali ya zama gidana na biyu. Duk ranar ibada nakan sa fararen kaya in tafi tun da safe, in ɗauki alkawura takwas, ba na sa komai a baki bayan rana tsaka. Mu goma sha ɗaya ne, duk tsofaffin mata. Yai Somsi, wadda ta yanke maka cibiya, ta ce wai na fi mutum-mutumin Budan da ke kan dakali iya zama shiru. Ta ce, "Ke Buaphan, in kika ci gaba haka, wata rana kuskure za mu yi mu liƙa miki ganyen zinariya a goshi a madadinsa." Na yi dariya kawai. Ba ta san jikina ne kaɗai ke zaune ba. Luang Pho, babban malaminmu, ya ce mu riƙa bin numfashi, shigarsa da fitarsa. Nakan bi sau uku ko huɗu, sai in tsinci zuciyata a bayan gari, gindin itatuwan nan inda ƙanenka Thawi yake.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Damina uku ke nan Thawi yana kwance a jeji. Har yau ina ganin yadda aka naɗe shi a tabarma aka binne kafin rana ta faɗi, ba wuta, ba karatu, ko ƙofar haikali ba a bi da shi ba, saboda mutuwar hatsari ce. Luang Pho ya ce yanzu zafin mutuwar ya huce. Za a tono ƙasusuwan, a wanke, a ƙona su kamar na kowa, a aika masa lada ya samu hanya. An tsayar da ashirin ga Maris.

Dole a samu namiji na jininsa da zai yi askin gaban wuta, ya ɗaura rawaya ya zama ɗan zuhudu, ya riƙe farin zaren ya ja akwatin zuwa wurin ƙuna. Ubanku ba ya duniya, kai kaɗai ka rage mini. Yini ɗaya ne, Lert, a aske da safe, ka tuɓe da yamma. Amma ka zo da kwanaki kafin ranar, ka zauna a gida.

Mahaifiyarka,
Buaphan

Taoyuan, Taiwan
2 ga Fabrairu

Mae,

Na samu takardarki, na ji daɗin jin kina lafiya. Ki riƙa shafa man nan mai zafi a gwiwar, kuma ki daina tsugunno wajen tankaɗe. Ni lafiya lau. Ruwa ake yi mana ba dare ba rana, kayan da muka shanya sai wari. Aiki yana nan yadda yake, ƙusoshi na fitowa daga inji ina kwashewa. Taliyar leda kuwa, kin kama ni.

Nan ma muna da ɗan wurin ibada, ɗaki ne guda a saman shagon wata 'yar garin Udon mai sayar mana da daddawar kifi. Ran Lahadi mukan taru mu kai ashirin, mu yi karatu, mu ci kwaɗon ɗanyar gwanda, kowa ya yi ƙaryar yadda gidansu yake da girma. Wani malami, Ajan Prasit, ya zo daga haikalin jeji na Sakon Nakhon, zai yi wata uku tare da mu. Na ce masa, "Ajan, ni da na rufe ido, ƙarar babur nake ji." Ya ce, "To ji ta mana. Ƙara ce, tana zuwa tana wucewa." Na sunkuyar da kai. Tawa ba ta wucewa.

Maganar Thawi kuwa, Mae, ba zan iya zuwa ba. Ba a ba da hutu a tsakiyar kwantiragi. Ga Sombat ɗan kawu nan kusa da ku, jini ɗaya ne, ya yi askin.

Na rubuta wannan na ajiye biro, na ga ƙarya na yi miki. Ana ba da hutu. Bari in faɗi gaskiya sau ɗaya. Ni na sha barasa a bikin harba roka, ni na hau babur, ni na ɗauko shi a baya, ni ne ban ga motar siminti ba. Na tashi da ƙujewa a gwiwar hannu, shi bai tashi ba, yana da shekara goma sha tara. Wata biyu na yi a gida bayan nan, ba ki kalli fuskata ba ko sau ɗaya. Kina ajiye mini kwandon shinkafa idonki na kan bango. Shi ya sa na nemi aikin da ya fi kowanne nisa.

Yanzu kin ce in zo in riƙe zare in ja shi a gaban gari duka, kowa yana nuna ni da baki. Na gane, kuma ban ce ba ki da gaskiya ba. Wanda ya kashe shi, shi ya kamata ya ja. Ƙafafuna ne ba za su ɗauke ni ba.

Ɗanki,
Lert

Ban Nong Waeng
21 ga Fabrairu

Lert,

Ina lafiya, gwiwa tana nan, 'yar ɓauna ta fara bin uwarta rafi. Gaisuwar ke nan, domin raina a ɓace yake.

Kai da ubanka kanku ɗaya. A buɗe muku ƙofa a ce ku shigo, sai ku tsaya kuna leƙen inda aka ɗana tarko. A wane layi na takardata ka ga na ce ka kashe shi? Ɗauko ta ka sake karantawa, ko ka ba wani mai hankali ya karanta maka.

Sombat kuma! Sombat da ya yi askin gaban wuta sau uku, har ana ce masa ɗan haya? Na kakarsa da ya yi, rawayar na jikinsa yana tambayar wa ya ci damben jiya. Shi zan ba zaren ɗana? Thawi tun yana rarrafe bayanka yake bi. Ko ruwa za ka sha sai ya ce shi ma ƙishirwa yake ji. Ba zai bi Sombat ba, kai zai bi.

Na je na samu Luang Pho yana ba karnukan haikali ragowar shinkafa, na durƙusa na ce a ɗaga ranar. Ya kira ni yadda masu rawaya ke kiran mutanen gari, ya ce, "Yom Buaphan, mataccen kike so ki sallama, ko mai ran kike so ki jawo?" Na ce duka biyun. Ya ce, "Kin cika hannu." Yai Somsi tana gefe tana tauna goronta, ta ce, "Luang Pho, ƙyale ta, tun muna 'yan mata kifi biyu take kamawa da hannu ɗaya, duka su suɓuce." Aka yi dariya, har da ni. Na dawo gida na zauna a matakala na yi kukana.

An ɗaga, sai ka faɗi ranar da za ka iya.

Akwai maganar da nake riƙe da ita damina uku, ko Luang Pho bai ji ta ba. Ita ce ke hana ni bin numfashi. Takarda ba za ta ɗauke ta ba. Sai na gan ka ido da ido, daga ni sai kai, sannan zan faɗa.

Mahaifiyarka

Ban Nong Waeng
24 ga Afrilu

Lert,

Wata biyu ke nan ban ga rubutunka ba. Ina fatan lafiya ce. Mai kawo wasiƙu yanzu tun daga nesa yake girgiza mini kai don kada in taso da gwiwar nan.

Bikin sabuwar shekararmu na tsakiyar Afrilu ya wuce. 'Ya'yan mutane sun zo daga Bangkok mota-mota, gari ya cika da kiɗa. Ni na ja ƙofata. Da aka watse na koma haikali, na share farfajiya tun daga ƙofa har gindin babbar bishiya, ko da yake an riga an share.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ka san bayan gari, da ruwa ya sauka sosai wurin tafki yake zama, masu tono ba za su sa fartanya ba sai wata shekara. Luang Pho ya ce ashirin da biyar ga Mayu, daga nan babu ɗagawa. In ba ka zo ba, ba zan ba kowa zaren ba, Thawi zai ƙara damina ta huɗu a cikin ruwa. Ba tsorata ka nake ba, faɗa maka nake yadda abin yake.

In wata kalma tawa ce ta ɓata maka rai, ka yafe. Aji huɗu na yi a makaranta.

Mahaifiyarka

Taoyuan
6 ga Mayu

Mae,

Ina lafiya, ina fatan kina lafiya. Takardunki biyu duk sun zo. Ban amsa ba ne saboda duk abin da na rubuta sai in yaga.

Zan zo. Thawi ba zai ƙara damina a ruwa saboda ni ba. Kada ki je tasha tarbata, kada ki wahalar da gwiwarki. Za mu haɗu a haikali, kuma zan zo yadda ya kamata.

Lert

Haikalin jeji, Sakon Nakhon
30 ga Yuni

Yom Mae,

Ina yi miki fatan lafiya da tsawon rai da sanyin zuciya. Haka aka koya mini in kira ki yanzu, bakina bai saba ba tukuna. Ni lafiya nake. Na rame kaɗan, sau ɗaya muke cin abinci a yini, kuma sauro a nan ba su san darajar rawaya ba.

Ya kamata in yi miki bayanin abin da na yi, tunda ranar ba mu samu magana ba.

Na sauka Bangkok tun goma sha bakwai ga Mayu. Na je tasha, tikitin Roi Et yana hannuna, yaran mota na kira. Sai layin nan na takardarki ya faɗo mini, cewa akwai maganar da sai ido da ido, daga ke sai ni. Na san maganar. Shekara uku ina faɗa wa kaina ita, amma in na ji ta daga bakinki ban san abin da zan zama ba. Na zauna a benci har motar ta tashi. Daga nan na shiga ta Sakon Nakhon, wurin Ajan Prasit, wanda ya riga ya dawo gida.

Na ce masa ina so in ɗaura rawaya, cikakkiya, ba ta yini ɗaya ba. Ya ce, "Mahaifiyarka ta yarda? Ba ma aske ɗan kowa sai da izini." Na nuna masa takardarki ta farko, na naɗe gindinta inda kika ce yini ɗaya ne. Ya karanta ya ce uwa ta gari, aka aske ni na ɗaura rawaya. Wannan laifi ne, na kuma faɗa masa daga baya. Dabarata ita ce, mai rawaya ba a yi masa faɗa. Ko uwar da ta haife shi ba ta ɗaga masa murya, ba ta keɓewa da shi a ɗaki, ba ta taɓa ko gefen mayafinsa. Na ɓuya ne, Yom Mae, ba wani tsarki ba ne ya kai ni.

Amma ga abin mamaki. Da na shigo ƙofar haikalinmu tare da Ajan da safen nan, na ga kin taso da gudu, sai kika tsaya, kika durƙusa, kika kai goshi ƙasa sau uku. A nan na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Na riƙe zaren na ja ƙanena, ban ji kunyar kowa ba. Da wutar ta kama na ce masa ya tafi, ya daina bin bayana. Da yamma na bi Ajan muka juyo, don na ji tsoron in na kwana a garin nauyin zai dawo.

A nan muna fita karɓar sadakar abinci ba takalmi tun gari bai gama wayewa ba, mu dawo mu share ganye, mu zauna. Mutanen ƙauyen nan talakawa ne, amma ba sa bari ƙoƙonmu ya dawo wayam. Wata tsohuwa kullum sai ta sa mini dunƙulen shinkafa biyu, wai na cika rama. Makon jiya na rufe ido na bi numfashi har aka buga ƙararrawa, ban ji babur ba. Ajan ya yi gaskiya, tana wucewa.

Zan yi zaman damina a nan, wata uku. Bayan nan ma na gaya wa Ajan ban ga abin da zan koma nema a waje ba. Na san za ki yi farin ciki, ladan naki ne da Thawi. Maganar da kike riƙe da ita kuwa, kin ga ba sai kin faɗa ba. Na san ta, na karɓa, ki sauke ta ki huta.

Phra Bunlert

Ban Nong Waeng
19 ga Yuli

Zuwa ga Phra Bunlert, da girmamawa,

Na kai goshi ƙasa sau uku. Ina fatan kuna lafiya, sauro sun rage. Ni ina nan. An yi dashen shinkafa, maƙwabta sun taimaka.

Kun ce kun san maganar. Ba ku san ta ba. Na ce takarda ba za ta ɗauke ta ba, to yanzu ba ni da wani abin ɗauka sai takardar.

Ranar bikin roka ina zaune a rumfa ina daka gwanda. Kuka zo karɓar makullin babur, tun kafin ku buɗe baki na ji warin barasa. Hadari ya taso, ɓauna tana ɗaure a gona. Thawi yana so ya tsaya ya ga roka ta ƙarshe. Na ce ya bi ku ya shigar da ita. Ya ce, "Mae, Yaya Lert fa ya bugu." Na ce, "Yau ya fara? Wuce ka hau, kada ruwa ya dake ta." Har tura shi na yi da gindin taɓarya. Ku kuna can kuna fama da tayar da babur, ba ku ji ba. Bai so hawa ba, ni na hau da shi, saboda ɓauna.

Wata biyun da kuka ce ina kallon bango, ba fuskarku nake ƙi ba. Tsoro nake ku kalli tawa ku gani. Na bar ku kuka ɗauki kayan ku kaɗai kuka haye teku da shi, ni kuma na sa fararen kaya mutane na cewa ga mai ibada. Wannan ita ce maganar.

Na share ɗakinku tun farkon Mayu. Na sa an samo mini ƙwan jan tururuwa don miyar da kuke so. Nufina ku zo da kwana uku ko huɗu, ku ci ku ƙoshi, sannan in zaunar da ku a tabarma, in kama kanku da hannu biyu in ɗora a cinyata kamar da, in faɗa muku, in kuna so ku zage ni ku zage ni. Kullum ina zaune a matakala ina kallon hanya, har ranar ta zo.

Da na hango ku a ƙofar haikali, tafiyar na gane, ban ga rawaya ba. Na manta ina da gwiwa. Saura taku uku Yai Somsi ta damƙo zanina ta baya, ta ce, "Ke! Kin haukace? Ba ki ga abin da ke jikinsa ba?" Shi ne na durƙusa. Ba ladabi ba ne ya kai ni ƙasa, ƙafafuna ne suka saki. Mata suka kewaye ni, wai kin more Buaphan, kin samu gefen rawayar da za ki kama ki hau sama. Na ce musu haka ne.

Ni na wanke ƙasusuwan da ruwan kwakwa, ɗaya bayan ɗaya. Na riƙe ƙoƙon kan Thawi a tafin hannuna, na shafa shi, na faɗa masa abin da na faɗa muku yanzu, har aka ce in miƙo lokaci na tafiya. Mataccen ɗana na taɓa shi yadda nake so. Mai ran yana tsaye a gabana, ƙwayar idonsa a ƙasa, na ga ramar wuyansa, ba ni da ikon kai yatsa.

Ba zan ce ku tuɓe ba. Wadda ta sa ɗa ya tuɓe rawaya ta ɗauki alhakin da ya fi wanda nake ɗauke da shi, kuma kun ce kun daina jin babur. Shekara uku abin da nake roƙa muku ke nan. In can ne ya samu, ku zauna. Ni dai har yanzu sau uku nake bin numfashi, sau huɗu.

Jiya bayan karatu na tsaya har kowa ya watse, na tambayi Luang Pho abu ɗaya. Na ce, in uwa ta mutu, ɗanta mai rawaya zai iya taɓa ta? Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Gawa ba mace ba ce, Yom, ƙasa ce. Zai iya riƙe hannunki ya zuba miki ruwan sallama."

To, na samu abin jira. In an aiko muku, kada ku tsaya a tasha.

Mahaifiyarku,
Buaphan